Tsakanin Halbi da Faɗuwa: Haɗarin Farautar Manyan Namun Daji

Kaka ta wuce, an ɗaure damma, hatsi ya shiga rumbu. Sanyi ya sauko a ƙasar Adar. Wannan shi ne lokacin da samari ke ɗaukar gora da gatari, su kira karnukansu, su shiga daji. Daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita, abin da suke komowa da shi bai wuce zomo, ko zabo, ko bushiya, ko damo ba. Yaron da aka haifa yau a Tamaske, ko Bangi, ko Karofan bai taɓa jin rurin zaki ba, sai dai a rediyo ko a wayar salula.

Amma da dare, in an hura wuta ana jin ɗumi, tsofaffi suna ba da labarin mahalban da, masu tarar zaki da baka da kwari. Labaran suna da daɗi, suna kuma sa wa yaro sha'awa. Har yanzu akwai samarin da ke saɓa bindiga su yi nisa, su ƙetare iyaka, don neman babban nama. Saboda haka ya kamata a faɗi abin da mahalban da suka sani sarai, wanda hirar dare takan tsallake. Babban nama ba safai yake kashe mahalbi kafin a taɓa shi ba, don yawanci in ya ji warin mutum kaucewa yake yi. Lokacin da yake kisa shi ne bayan an halbe shi, kafin ya faɗi.

Sa'ad da daji yake daji

A da, ƙasar nan ba haka take ba. Kwarin Majiya, da kwarin Tarka, da fadamun Keita cike suke da bagaruwa, da gawo, da aduwa, da sarƙaƙiyar da mutum ba ya iya ratsawa sai da adda. Duwatsun Adar kuwa suna da koguna da ramummuka, maɓoyar kura da damisa. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da sunan Abdulkarim, ya ratsa Abzin a shekarar 1850, ya ba da labarin zakokin da ke cikin duwatsun can. To, in Abzin mai ƙarancin ruwa ta riƙe zaki, balle ƙasar kudu mai fadama da tabki.

Shi ya sa tarihin kafuwar garuruwa da yawa na Adar da Gobir yake farawa da mahalbi. Shi ne ke fara shiga wuri, ya gano ruwa, ya kafa bukka, ya kori abin da ke cin mutane da dabbobi. Daga baya manomi ya biyo shi da gatari da hauya. Mahalba suna da shugabansu, Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, kuma ba kowane lokaci ake shiga daji ba. A wurare da dama sai an yi bikin buɗin daji tukuna, sa'an nan farauta ta halatta. Halbi gado ne. Yaro yakan yi shekaru yana ɗauke wa ubansa gora da kwari, yana koyon sawu da iska, kafin a yarda ya ɗana kibiya a kan abin da ya fi barewa.

Kayan aikin mahalbi

Kibiyar mahalbi siririya ce, ba ta da nauyin da za ta ka da zaki ko ɓauna. Abin da ke kisa shi ne dafin da aka shafa mata. Ana dafa shi da ƴaƴan kwankwani, wasu su ƙara da ƙaron tinya da waɗansu haɗe-haɗe da kowane gida ke ɓoye nasa. Dafin kwankwani yana bin jini ya je ya tsai da zuciya. Amma sai ya ɗauki lokaci. Ƙaramin nama yakan faɗi nan kusa. Babba kuwa yana iya daɗewa a tsaye, gwargwadon girmansa, da wurin da kibiya ta shiga, da sabuntar dafin. Duk tsawon lokacin nan yana da ƙarfinsa, ga kuma zafin ciwo ya harzuƙa shi.

Don kibiya ba ta zuwa nesa, dole mahalbi ya matsa kusa. Daga nan dabarar burtu ta fito. Mahalbi ya ɗaura kan tsuntsun burtu a goshinsa, ya rufa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana sassaran ƙasa kamar mai kiwo, har ya isa inda yake so. Kusancin da ke sa kibiya ta samu, shi ne kuma ke sa nama ya cim ma mutum cikin ƙiftawar ido.

Da bindiga ta zo, ba ta kau da wannan haɗari ba. Bindigar maƙera ana ɗura mata albarushi ta baki, a tura tsumma, a zuba ƙarafa, a danna da sanda. Halbi ɗaya take yi. Kafin a sake ɗura ta, abin da zai faru ya faru. Ba banza aka sa mata suna halba-ka-ruga ba. Masu farautar giwa a ƙasar Hausa sukan sa wani gajeren mashi mai dafi, wanda ake kira sango, a bakin bindigar, su matsa dab da giwa su halba. Bayan haka sai bin sawu, wani lokaci wuni guda ko fiye, cikin dajin da giwar ta fi su sani.

Kowane nama da halinsa

Zaki ba ya son rigima da mutum in yana da lafiya kuma daji na da abinci. Wanda aka fi tsoro shi ne tsoho, ko mai rauni, wanda ya koma bin garke, da kuma zakanya mai ƴaƴa. Babban namiji yana wuce kilo 150. In ya taso daga cikin ciyawa, tazarar taki ashirin ba ta ba mutum damar ɗana kibiya ta biyu.

Damisa ba ta kai rabin zaki ba, amma Hausawa sun ce damisa ƙi sabo. In aka yi mata rauni ba ta nisa. Takan laɓe a kogon dutse ko cikin duhuwa, ta yi shiru, sai mai bin sawu ya zo dab, ta faɗo masa a kai da fuska. A ƙasa mai duwatsu kamar Buza da Keita, ita ce mahalbi ya fi shakka.

Ɓauna tana kama da saniya, wannan kamar ce ke ruɗin baƙon mahalbi. Ƙahonninta sun haɗu a goshi sun zama kamar garkuwa, har harsashi ba ya shiga da sauƙi. Ɓaunar da aka yi wa rauni takan shiga duhuwa ta tsaya tana fuskantar sawunta. Mai bin jini yana duban ƙasa, ita kuwa tana dubansa.

Gadu, mugun dawa, ba shi da girman waɗannan, amma haurensa yana tsaga cinya. Da baya yake shiga raminsa, kansa na duban ƙofa, ya kuma fito da gudu. Wanda ya tsaya a bakin rami, ko karen da ya leƙa, shi ke shan wuya.

Kura kuwa, ga tsoro ga ban tsoro. A fili takan gudu. A cikin rami, inda gardawa ke binta don su kama ta da rai, ba ta da wurin gudu, muƙamuƙinta kuma yana fasa ƙashin raƙumi.

Abin da aka ɗauka a silima

Akwai shaidar da ido ke iya gani. Wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, Jean Rouch, ya bi mahalban Songhai da ake kira Gaw, a yankin Yatakala da ke yammacin Nijar kusa da iyakar Mali, daga 1958 zuwa 1965. Ya fitar da silima mai suna La chasse au lion à l'arc, wato farautar zaki da baka, wadda ta ci kyauta a birnin Benis na Italiya a 1965.

Abin lura a ciki shi ne yadda mahalban nan ba sa gaggawa. Ba sa fita sai Fulani makiyaya sun kawo kuka cewa zaki ya wuce iyaka, yana kashe shanu fiye da abin da yake ci. Sai a je wurin maƙeri, a dafa dafi, a ɗana tarkunan ƙarfe a hanyar zakin. Ba sa halbinsa sai tarko ya riƙe shi. In an halbe shi kuma, babbansu yakan tsaya yana yi masa kirari har ransa ya fita. Duk da wannan shiri, wata zakanya da tarko ya kama ta zabura ta cafke wani makiyayi da ya matso kusa. Ya tsira da ransa, amma da rauni. Wani ƙaton zaki kuwa, wanda suka laƙaba wa suna Ba'amurke, sun yi shekaru suna nemansa a cikin silimar bai shiga hannu ba.

Tun kafin wannan, a 1951, mutumin ya ɗauki Sarkawa masu farautar dorina a kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, a wajen Ayoru. Sun gina babban jirgi musamman don aikin, sun tanadi masu da igiyoyi. Wani tsohon toron dorina ya sha suka, ya farfasa jirgin, ya tafi da masun a jikinsa. Waɗannan gwanaye ne da suka gaji aikin kaka da kakanni. In haka ta same su, yaya wanda ya sayi bindiga jiya?

Dorina da giwa ba labarin da ba ne

Dorina tana cin ciyawa, amma tana cikin namun da suka fi kashe mutane a Afirka. Babba tana kai kilo 1,500, a tudu kuma tana iya tsere wa mutum. A watan Nuwamba na 2014, dorina ta kifar da wani kwalekwale a Libore, kusa da Yamai. Mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ne ƴan makaranta. A 2017 kuma, a yankin Ayoru, mutanen da dorina ta dame su da cin shinkafa da tare hanyar ruwa suka ɗauki doka a hannunsu, aka kashe dorina aƙalla 27 ba da izini ba. An kama mutane, rai ya ɓaci tsakanin talakawa da hukuma. A shekarar ce gwamnati ta keɓe wa dorina wani yanki na kogin.

Kusa da nan ma an ga irin wannan. A shekarun 1980 wani garken giwaye ya ƙetaro daga Najeriya ya shiga dajin Baban Rafi, a ƙasar Madarumfa ta jihar Maradi. Giwa guda tana cin abin da ya kai kilo 150 a wuni, saboda haka garke yana iya share gona a dare ɗaya. Manoma suka yi ta kwana a gonaki da wuta da gwangwani. Daga baya giwayen suka daina zuwa. Abin da masu gadin daji ke faɗa ko'ina shi ne, giwar da aka halba ba ta mutu ba ita ce ke zama annoba. Wanda ya halbe ta ya gudu, sai ta huce a kan mai itace ko makiyayin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ina suka tafi?

Ba kibiyar mahalbi kaɗai ta ƙarar da namun Adar ba. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye fadama da jigawa. A zamanin Turawa da bayansa, ma'aikatar kiwo ta yi ta zuba guba a mushe don kashe kura da dila da zaki, gubar kuma ta haɗa har da ungulu. Bindigogin zamani da motoci suka shigo. Sa'an nan fari na 1973 da na 1984 suka kashe itatuwa, suka ƙafar da tabkuna. A shekarun 1970 gwamnatin Nijar ta hana farauta a ƙasar baki ɗaya, amma a wurare da yawa an rufe ƙofa ne bayan ɓarawo ya fita.

Manyan namun da suka rage wa Nijar, zaki da giwa da ɓauna, suna can gandun dajin W, a kudu maso yamma, inda kogi ya yi lanƙwasa kamar wannan harafi. An kafa gandun a 1954, kashin Nijar ya kai hekta 220,000, yana kuma haɗe da na Benin da Burkina Faso. Ƙidayar da masana suka bayyana a 2014 ta nuna zakokin da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su wuce kimanin 400 ba, wajen 350 daga cikinsu a wannan yanki suke. Ke nan duk wanda aka kashe, an rage abin da ba shi da madadi.

Haɗarin mai farauta a yau

Na farko, bindigar kanta. Bututun da aka ƙera ta da shi ba don wuta aka yi shi ba. In aka cika albarushi, ko ƙasa ta toshe bakin, sai ta fashe a hannu, ta tafi da yatsu ko ido. A farautar gayya kuma, inda mutane da yawa ke kewaye daji, mai halbin motsin ciyawa ɗan'uwansa yake halbi. Ga kuma faɗan da ke tashi tsakanin ƙauye da ƙauye a kan karen wa ya fara kama zomo, har a zubar da jini saboda naman da bai cika tukunya ba.

Na biyu, rauni. Faratan zaki da damisa da haƙoran kura suna ɗauke da ruɓaɓɓen nama. Ramin haƙori yana da ƙaramin baki, amma yana da zurfi. Mutum yakan tsira a daji, bayan kwana kaɗan ciwon ya kumbura, ya ruɓe, ya kai shi kushewa. Akwai cutar sarƙe haƙora. Akwai kuma ciwon haukan kare, wanda dila da kura da karen farauta ke iya ɗauka, wanda in alamunsa suka bayyana ba a warkewa. Duk wanda naman daji ko kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, kada a toshe shi da toka ko kashin shanu, a kai shi gidan likita a ranar. Akwai na Madawa, da na Buza, da na Keita, da asibitin Galmi. Mai sarrafa kibiya mai dafi kuma ya tuna, dafin bai san mai shi ba. Ƙaramin yanka a yatsa ya isa.

Na uku, doka. Dokar da aka sa wa hannu ran 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta a Nijar. Ta ajiye lokacin buɗewa da na rufewa, ta sa neman takardar izini, ta hana farauta da guba, da wuta, da fitila da dare, da bin nama da mota. Ta kuma lissafa namun da ba a taɓawa sam, kamar giwa, da dorina, da raƙumin dawa, da ayu, da jimina. Wanda aka kama, ga tara, ga kaso, ga asarar bindiga. In naman daji ya addabi gari, hanyar ita ce a sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji.

Na huɗu, hanya. Dazuzzukan da nama ya rage a cikinsu, a ciki ne ƴan bindiga suka samu maɓoya, daga yankin W har dazuzzukan Zamfara da Katsina. Baƙon da aka gani da bindiga kuma ba a tsayawa jin bayaninsa. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo a Najeriya, an tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta ƴan arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Sallah. Da aka ga bindigoginsu na gargajiya, sai aka ce masu satar mutane ne. Aka kashe 16 daga cikinsu. Sun tsira daga daji, ba su tsira daga mutane ba.

Ilimin mahalbi bai ƙare ba

Daji yana iya komowa in an ba shi dama. Tun daga 1975 aka fara dasa layukan itatuwa masu tare iska a kwarin Majiya, a ƙasar Buza. Daga 1984 kuma aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya, ya dasa miliyoyin itatuwa, ya gina madatsun ruwa, mata ne kuma suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kansu. Inda itace ya komo, zomo da zabo sun komo. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu har saura 49 a 1996. Da aka tsare su, suka wuce 600 a 2017. A 2018 aka ɗauki 8 aka kai gandun Gadabeji, arewa da Dakoro, maƙwabtan Adar ta gabas, inda fari da farauta suka ƙarar da irinsu a da.

A irin wannan aiki ba wanda ya kai mahalbi amfani. Shi ya san sawu, ya san mashaya, ya san lokacin haihuwar kowane nama, ya san itacen da ke magani. Shi zai fara gane sawun baƙo a daji, ko na dabba ko na mutum. Sarakunan baka da dattawan mahalba na Madawa da Buza da Keita suna da aiki a gabansu: su tara samari kafin a fita farautar bana, su koya musu abin da aka koya musu, su hana su taɓa mai ciki da mai goyo, su hana sa wa daji wuta.

An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda ya nemi abin da ya fi zomo, abin da zai biya ya fi gudu. Mahalbin da ba yawan abin da ya kashe ake yaba masa ba. Ana yaba masa ne don ya san ranar da ake ɗana kibiya, da ranar da ake mai da ita kwari a komo gida. Allah ya tsare na daji, ya tsare na gida, ya kai kowa damina lafiya.